Dramani da Kaskon Matar Cikin Zane

Duk wanda ya yi aiki da Dramani Seidu a dogon ginin nan na gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington ya san shi da abu biyu. Idan ya turo keken wasiƙu cikin ofis, sai ya gaisa da kowa kafin ya ajiye ko takarda ɗaya. Idan kuma lokacin abincin rana ya yi, yakan cinye wake da shinkafarsa a tsaye, ya goge baki, ya gyara hula, ya ce zai je dubiya. Sababbin ma'aikata sukan yi masa jaje, su tambayi wane ne ba lafiya. Tsofaffin sai dai su yi murmushi, don sun san majinyaciyar tasa ta haura shekara ɗari uku tana zaune a kujera ɗaya.

An haifi Dramani a Aboabo, cikin zangon Kumasi a Ghana. Mahaifinsa fataucin goro yake yi, mahaifiyarsa tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Ita ce ta sa masa a rai cewa ba a wuce mara lafiya ba a ce masa sannu ba, ko an san shi ko ba a san shi ba. Da ya tasa ya koyi rubutun jikin mota a wata tasha, ya yi shekaru yana zana zaki da bishiyar dabino da kalmomin godiya ga Allah a bayan manyan motoci. Fuskar mutum ce kawai ta gagare shi. Duk wanda ya zana sai ya fito kamar ƙanen wanda ya zana jiya. A ƙarshen shekarun 1990 ya dace da bizar nan da ake rabawa ta ƙuri'a, ya taho Amurka da matarsa Safura da 'yarsu Samiha. Ya wanke kwanuka, ya tuƙa tasi, daga baya ya samu aikin raba wasiƙu, suka kama gida a Beltsville, a jihar Maryland.

Safura aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Ta yi musu wanka, ta juya su a gado, ta ba su magani, ta saurari labarin da suka ba ta jiya kamar yau ta fara ji. Wannan shi ne na albashi. Tana da wani aikin da ba wanda ya naɗa ta, amma kowa ya sallama mata. Da an ce wani daga cikin 'yan Ghana ko 'yan Najeriya ko 'yan Nijar na yankin yana kwance, fulas ɗin kokon Safura kan riga limami isa. Ita ke buga waya ta raba wa mata aiki, wannan ta kai tuwo, waccan ta ɗauko yara daga makaranta, ita kuma ta zauna kusa da gado tana faɗa wa mara lafiya cewa ya isa haka, ya tashi.

Ranar da Dramani ya fara shiga gidan adana zane-zanen da ke kusa da wurin aikinsa, ba zane ya kai shi ba. A lokacin sanyin 2003 ne, ya fito miƙe ƙafa da rana, ruwa mai haɗe da ƙanƙara ya tsinke, ya ga ƙofa a buɗe kuma ba mai tambayar tikiti, ya faɗa. Ya ratsa manyan ɗakuna cike da sarakunan Turai da mala'iku masu fukafukai, bai tsaya ba. Can ciki ya iske wani ƙaramin ɗaki inda aka jera ƙananan zane-zane na mutanen Holan na dā. Ba sarauta a nan, ba yaƙi. Wata mace tana feraye 'ya'yan itace, wata tana duba kan ɗanta, wani tsoho yana gyangyaɗi kusa da murhu. Dramani ya ji kamar ya leƙa gidan haya a Aboabo.

A kusurwa akwai wani da bai fi tiren shayi girma ba. Wata matashiya ce zaune a kujera, ta kwantar da kanta a kan matashin da aka ɗora bisa tebur. Likita cikin baƙaƙen kaya da doguwar hula ya riƙe wuyan hannunta. Wata dattijuwa a tsaye ta ɗaga kwalba wajen haske tana dubawa. Ƙarƙashin ƙafar matashiyar akwai ƙaramin akwatin katako mai huji-huji a sama, gefensa a buɗe, ana hango kaskon ƙasa da jan garwashi a ciki. Can baya kuma ƙofa tana buɗe, wani mutum ya sako kai.

Dramani bai yi shawara da bakinsa ba.

"Sannu," ya ce. "Allah ya ƙara sauƙi."

Mai gadin ɗakin ya waiwayo yana neman wanda ake yi wa magana. Dramani ya ji kunya ya fita. Washegari ya dawo, don a saninsa ba a dubiya sau ɗaya a ɗauke ƙafa.

Da labarin ya yi yawa a gida, Safura ta ce sai ta je ta ga mutuniyar tasa. Wata Asabar suka hau jirgin ƙasa suka shiga gari. Ta tsaya gaban zanen, ta riƙe ƙugu, ta ƙare wa matar kallo daga ɗankwali har takalmi.

"Baban Samiha, wannan ce kake cinye takalminka a kanta? Ba abin da ke damunta."

"Haba, Hajiya. Ki dubi yadda ta langaɓe."

"Kai ka dubi kumatu. Ka dubi leɓe. Marasa lafiyar da na ɗaga sun fi gashin kanka yawa, ko da yake wannan ba wani abin alfahari ba ne. Wanda ciwo ya kayar ba ya miƙa hannu haka kamar mai jiran a sa mata lalle."

"To likitan fa? Don wasa aka kira shi?"

"Likitan dariya yake ɓoyewa. Dubi gefen bakinsa."

Musu ya yi zafi har wata dattijuwar Baturiya ta matso. Sunanta Olive, tsohuwar malamar makaranta ce da ta yi ritaya take zagayawa da baƙi don sa kai. Ta ce ba ta san yaren da suke yi ba, amma ta daɗe ba ta ji an yi faɗa a kan wannan zanen ba, kuma tana so ta ji wa ke da gaskiya. Suka mayar mata da Turanci, kowa yana katse ɗan'uwansa.

Olive ta ce masana da yawa suna ganin masu zanen Holan sukan yi irin wannan ne don ban dariya. Ciwon matar sau da yawa na soyayya ne, ko kuma ƙaramin ciki da ba a faɗa ba tukuna. Abin da ke cikin kwalbar fitsari ne, da shi likitocin lokacin suke dubawa. Kayan likitan ma ko a zamaninsa tsohon yayi ne, irin na 'yan wasan kwaikwayo.

"Ka ji ko?" Safura ta tafa hannu. "Laulayi!"

Olive ta ɗaga yatsa ta ce ba duka ba. Akwai waɗanda suka zana ciwo na gaske, kamar yaron da zazzaɓi ya narkar a cinyar uwarsa, kuma a kan wannan ɗin ma ba a taru a magana ɗaya ba. Ta nuna akwatin da ke ƙarƙashin ƙafa, ta ce wasu suna cewa garwashin nan yana nuni ne ga wutar da ke ci a zuciyar matashiyar.

Dramani ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. "A'uzubillahi," ya ce da Hausa. Sannan da Turanci ya ce shi dai a ganinsa ƙafa ce ta yi sanyi aka sa mata wuta. Haka uwarsa take yi wa kakarsa, ta ajiye mata kasko a gaban gado.

Olive ta yi dariya ta ce gidajen Holan suna da sanyi, kusan kowane gida yana da irin akwatin nan, don haka ba abin da zai hana duka biyun su zama gaskiya. Ta tambaye shi me ke dawo da shi kullum. Ya nuna ƙofar da ke can baya. Ya ce a garinsu idan ɗakin mara lafiya a buɗe yake, mutane suna leƙowa, to da sauran ƙarfi. Shi abin da yake zuwa dubawa ke nan, ko ƙofar tana nan a buɗe. Olive ta ce masu zanen sukan buɗe ƙofa ne don ɗaki ya yi wa ido zurfi, amma tasa fassarar ma ta zauna.

Musun nan ya bi su gida ya zauna da su shekara da shekaru. Duk ranar da Samiha ta ce kanta yana ciwo ba za ta je makaranta ba, sai Safura ta ce, "Ga 'yar Holan ta tashi." Abokan Dramani a masallaci suka yi ta tsokanarsa cewa mutum da gemunsa yana gaida hoto. Ya ce shi bai roƙe ta komai ba, sannu kawai ya ce.

A watan Janairun 2014, Safura ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar gidan wata tsohuwa da take kula da ita. Ƙashin ƙugunta ya karye, aka yi mata aiki aka sa ƙarfe. Tun tana gadon asibiti, kafin maganin barci ya gama sakinta, ta kama hannun rigar mijinta.

"Duk wanda ya tambaya, na tafi New York wurin ƙanwata."

"Hajiya, ƙarya fa ke nan."

"Ka ɗauka a kaina. Na san abin da ake gani idan an shiga ɗakin mara lafiya. Na san warin, na san irin idon da ake yi wa juna a bakin ƙofa. Ba wanda zai gan ni ana ɗaga ni kamar buhun gari."

"Ke da kike zuwa gidan kowa?"

"Ni ce mai zuwa. Ba ni ake zuwa wa ba."

Aka dawo da ita gida, aka sa mata gado a ɗakin ƙasa, ta sa aka ja labule aka rufe ƙofa. Matar da asibiti ke turowa don koya mata motsa jiki ta zo ta yi lallashi, ta yi faɗa, daga ƙarshe ta ja Dramani gefe ta faɗa masa gaskiya. Idan Safura ba ta fara taka ƙafar nan cikin makonnin nan ba, gaɓar za ta sandare, jiki ya saki, kuma yana yiwuwa a keken guragu za ta ƙare. Safura ta san wannan, ta sha faɗa wa wasu. Amma sai ta juya fuska ga bango. Ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu da aka ba ta yana jingine a kusurwa, ta sa an rataya masa tawul.

A Aboabo, da ƙannenta da 'ya'yan yayyenta ne za su cika ɗakin, miji ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ya jiki. A Beltsville ba kowa sai shi, don Samiha tana karatun harhaɗa magani a Baltimore, sai ƙarshen mako take zuwa. Dramani ya koyi yi wa matarsa wanka, ya koyi canja zanin gado da mutum a kai, ya koyi dama koko, ko da yake nasa kullum da gudaji. Duk wannan bai dame shi ba. Ƙaryar ce ta fi ƙarfinsa. Akwai Mairo, 'yar Kano, aminiyar Safura, mai dafa abincin biki, wadda gidanta ke ƙarshen layinsu. Ta tare shi a kantin kayan abincin Afirka.

"Malam Dramani, wace irin New York ce wannan da ba a ɗaga waya?"

"Ai ka san... kin san can ɗin... gine-gine sun yi tsawo."

"Gine-gine," in ji Mairo. "To me ya sa kake zufa a cikin wannan sanyin?"

Ya biya ya fita, ya manta da albasarsa a kan teburin biyan kuɗi.

Abu ɗaya Safura take buɗe baki ta faɗa, shi ne ƙafafunta sun yi sanyi. Ya sa mata safa biyu, ya ƙara bargo, ya jawo hita kusa da gado. Ta ce zafin hita a fata yake tsayawa, ba ya shiga ƙashi. Da hutun da ya ɗauka ya ƙare ya koma aiki na rabin yini, ranar farko ya wuce dubiyarsa da ya daɗe bai je ba. Ya ce wa matar sannu, ya dubi ƙofarta a buɗe, ya tuna tasa a rufe. Sai idonsa ya sauka a kan akwatin. Ya matsa kusa har mai gadi ya yi gyaran murya. Ya ƙare wa hujojin kallo, ya auna tsawo da faɗi da ido kamar yadda yake auna bayan mota a tashar Kumasi.

A ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida ya yanka katakon wata tsohuwar kantar ajiye kaya, ya haɗa akwati, ya huda samansa. Hannun mai fenti bai bar shi ba, ya zana bishiyar dabino a gefe ɗaya, a ɗayan ya rubuta Allah Ya Ƙara Sauƙi da harufa masu jela. Ya ɗauko kaskon turaren wutar Safura. Gawayi kuwa akwai ragowar wanda suke gasa nama da shi a bayan gida lokacin zafi, irin wanda aka jiƙa da mai don ya kama da wuri. Ya cika kaskon fal, don ba ya son a ce ya yi rowa.

Ranar Asabar da hantsi, kafin Samiha ta iso, ya hura wuta a kicin, ya barbaɗa turare, ya shigo da akwatin a hannu biyu kamar mai kawo kayan lefe. Safura ta juyo.

"Mene ne wannan kuma?"

"Na mutuniyata ne. Ta ce a ara miki."

Safura ta dubi dabinon, ta karanta rubutun, bakinta ya motsa. Ta yarda ya zaunar da ita a bakin gado ya ɗora ƙafafunta a kai. Ɗumi ya ratsa safa. Ta lumshe ido, ta tuna mahaifiyarta, ta ce, "Kamar ɗakin Mma." Rabon da ya ji muryarta da laushi haka tun kafin faɗuwar.

Daɗin bai daɗe ba. Hayaƙi ya fara fitowa ta hujojin, fari da farko, sannan baƙi, katako ya soma ƙauri. Ƙararrawar hayaƙi da ke rufin ɗaki ta tsala ihu, ta falo ta amsa, ta sama ta karɓa. Dramani ya janye akwatin, ya ɗauki sallaya yana yi wa ƙararrawar fifita yana ba ta haƙuri. Ya manta cewa Samiha ta haɗa ƙararrawar gidan da wani kamfani mai kiran 'yan kwana-kwana idan ba a ɗaga waya ba. Wayar kuwa tana ta ƙara a kicin ba mai jin ta. Kafin ya gama buɗe taga, jiniya ta cika layin.

Shugabar 'yan kwana-kwanan wata doguwar mace ce baƙar fata. Ta shigo da wata na'ura a hannu, ta dube ta, ta ce kowa ya fita yanzu. Ta ga gado da magunguna, ta yi wa maza biyu alama su ɗauki matar.

Safura ta ga ƙatti biyu sun nufo ta da hannuwa a buɗe. Ta hango ta ƙofar da aka wangale maƙwabta sun fara taruwa a bakin titi.

"Kada wanda ya taɓa ni!" ta ce da Turanci. Ta juya ga mijinta. "Baban Samiha, cire tawul ɗin nan ka miƙo min ƙarfen."

Ta kama shi da hannu biyu, ta cije leɓe, ta miƙe. Ƙafar ta yi rawa. Ta tura ƙarfen gaba, ta bi shi. Ta sake turawa. Dramani yana gefe da bargo a hannu, 'yan kwana-kwana suna biye a baya. Haka ta ratsa falo, ta fito baranda da ƙafarta, zani a ɗaure, ɗankwali a karkace, hayaƙin turare yana bin ta a baya.

Mairo ta iso a guje cikin silifas, ludayi a hannunta.

"Hajiya Safura! Sannu da zuwa! Yaushe jirgin New York ya sauka? Na ga har da motar kwana-kwana aka je tarbo ki."

Sai ta ga ƙarfen. Ta ga yadda wuyan ya rame. Ta ajiye ludayin a kan matakala, ta cire mayafinta ta lulluɓa mata, ta durƙusa a kan siminti mai sanyi.

"Sannu, Yaya. Sannu. Haka za ki yi mana?"

Safura ta buɗe baki za ta yi faɗa, kuka ya riga shi fitowa. Mairo ta taya ta. Suna cikin haka wani ɗan kwana-kwana ya fito da akwatin a nesa da jikinsa, dabinon ya yi baƙi rabi, sai kukan ya juye dariya, har Safura tana riƙe ƙugu tana cewa a bari, ɗinkin zai buɗe.

Shugabar ba ta yi dariya ba. Ta tsayar da Dramani ta gaya masa cewa gawayi yana fitar da wata iska marar wari wadda ke kashe mutum yana zaune bai sani ba, kuma gidajen nan a toshe suke ko'ina don sanyi, iskar ba ta da hanyar fita. Ta ce hayaƙin da ya tayar da ƙararrawa shi ya cece su. Dramani ya tuna ɗakin kakarsa, da iska ke shiga ta ƙarƙashin kwano da ta tagar da ba ta rufuwa. Ya ce ya ji, ba zai ƙara ba. Ta tambaye shi ina ya samo wannan dabarar. Ya ce a wani zane. Ta ce na yaushe? Ya ce ya haura shekara ɗari uku. Ta ce to ya bar ta a can.

Kafin la'asar gidan ya cika. Mairo ba ta nemi izinin kowa ba, ta yi abin da Safura ta saba yi, ta ɗauki waya. Aka kawo tuwon zafi da miyar ayoyo, aka kawo farfesun kaza, wata 'yar Nijar ta kawo dambu. Takalma suka taru a bakin ƙofa har kan matakala. Maza suka zauna a falo suka sa wa Dramani suna Injiniyan Holan, sunan da ya bi shi har yau. Samiha ta iso ta ji labari, ta yi wa ubanta faɗa da Turanci mai sauri, ta ƙare da Hausa guda ɗaya, "Baba, kai!" sannan ta rungume shi. Ta fita ta sayo robar ruwan zafi irin ta ɗumama jiki, ta gwada a cikin akwatin, robar ta zauna daidai a gurbin kaskon.

Abin da lallashi ya kasa, dubiya ta yi shi ta hanyar da ba wanda ya tsara. Safura ba ta iya kwanciya tana kallon ana aikinta ba daidai ba. Mairo ta gyara mata matashi, ta ce ba haka ake yi ba. Wata ta naɗe zanin gado, ta ce wa ya koya miki? Da ta ji ana dama koko a kicin, ta saurari ƙarar muciya ta ce ruwan bai tafasa ba, za a ɓata mata gasara. Ta ce a miƙo mata ƙarfen. Matan suka gane, suka riƙa yin kuskure da gangan. Da mai koyar da motsa jiki ta dawo, ta iske majinyaciyarta a tsaye a bakin murhu tana ba mata huɗu umarni.

Lokacin da itatuwan bakin kogi suka yi fure, Safura ta ajiye ƙarfen ta koma sanda. Ta ce a kai ta wurin 'yar Holan. Mairo da wasu mata biyu suka ce ba za a bar su a baya ba, sai sun ga matar da ta kusa ƙona gida a Beltsville. Suka iske Olive tana nan, gashinta ya ƙara fari. Ta ji labarin tun daga farko, ta zauna a benci tana share hawayen dariya.

Dramani ya matsa gaban zanen yana neman inda ya yi kuskure. Bai daɗe ba ya gani. A sama ta hagu akwai taga, ɓangare ɗaya a buɗe, kuma garwashin da ke cikin kaskon ɗan kaɗan ne, toka ta rufe rabinsa. Shekara goma sha ɗaya yana gaida matar nan bai taɓa ɗaga ido ya dubi tagarta ba. Ya nuna wa Olive, ta ce ai ta nan hasken yake shigowa. Ya ce hayaƙi ma ta nan yake fita.

Safura ta dogara sandarta ta daɗe tana kallo.

"Ina nan a kan bakana," ta ce. "Laulayi ne."

"To, Hajiya."

Ta ɗan sunkuya wajen zanen, ta rage murya. "Amma sannu, yarinya. Zama wuri ɗaya ba daɗi."

Safura ba ta koma ɗaga tsofaffi ba, likita ya hana. Fulas ɗin koko dai ya koma yawo, yanzu da abokin tafiya. Dramani ya kankare ƙunar akwatin, ya sake zana dabinon, kuma duk wanda ya kwanta a cikin jama'arsu akan kai masa shi da robar ruwan zafi a ciki, ya riƙe har ya tashi. Dramani ya yi ritaya a 2018. Yakan hau jirgi ya shiga gari idan gwiwa ta yarda, ya tsaya a kusurwar nan ya ce sannu. A ƙarshen shekarar akwatin yana Manassas, ƙarƙashin ƙafar wani tsoho ɗan Accra da aka yi wa aikin ido. Ƙafarsa lafiya lau, amma ya ce shi ma sai an kawo masa.